Tsohuwar Adaka: Gyaran Da Ke Tsare Kuɗinta Da Wanda Ke Karya Shi

Yau ba farashin gero ko riɗi za mu kawo muku ba. Magana ce a kan wata haja wadda ba a shimfiɗa ta ran Alhamis a kasuwar Maigatari kamar yadda ake jera shanu da raƙuma, amma kuwa ana cinikinta, watau tsohuwar bindigar farauta, wadda ake kira adaka, wasu su ce bindigar baushe ko harba-ka-ruga. Cinikinta tsakanin maharba yake, sau da yawa da sanin Sarkin Baka, kuma lokacin da aka fi yi mata kuɗi shi ne ranar rabon gado. To, a nan ne magada ke yin hasara, domin kafin a zo kimantawa sai wani ɗa mai son gwaninta ya kai ta a goge, a shafa mata fenti, wai don ta yi daraja.

Sai a fara sanin cewa adaka iri biyu ce. Akwai ƙirar maƙeranmu na gida, akwai kuma ta ƙetare, wadda aka ƙera a Birmingham ta Ingila ko Liège ta Beljiyam don a sayar a Afirka. A shekarar 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Brussels, suka hana a sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani, sai dai mai ƙanƙara da albarushi na gama-gari. Shi ya sa aka ci gaba da ƙera mana ita bayan Turawa sun daɗe da barinta. Ƙasar Gumel kuwa ta san bindiga tun kafin wannan, don Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi da yawa ta hanyar fataken Tarabulus, har ana haɗa albarushi a birninsa, Gumel kuma ta sha yaƙi da Damagaram a wancan ƙarni.

Me ke bambanta ta ƙetare da ta gida? Hatimi. Kafin a fitar da bututu daga Birmingham sai an gwada shi da albarushi mai yawa a gidan gwaji da aka kafa a 1813, in bai fashe ba a buga masa tambari kusa da gindi. Na Liège haruffa uku ne, E da L da G, cikin 'yar da'ira mai siffar ƙwai. Tambarin nan ƙarami ne ƙwarai, shekaru sun riga sun cinye rabinsa, in aka bi shi da zarto ko takardar goge ƙarfe sau biyu sai ya ɓace. Da ya ɓace, mai saye ba shi da dalilin yarda da kai, sai ya taya ta da kuɗin ƙirar gida. Ka ce ta kakanka ce, ya ce kowa ma haka yake faɗa.

Masu saye kuma ba ɗaya suke ba. Maharbin da zai shiga daji a ƙasar Gagarawa ko Sule Tankarkar neman zomo da zabo, abin da yake dubawa shi ne kunama tana da ƙarfi, bututu ba tsaga, ƙota ba ta girgiɗi. Shi in an juya mai ƙanƙara ta koma mai 'yar hula ta tagulla, bai damu ba, ya ma fi so, don ba ta cika ƙin tashi da damina ba. Amma mai neman ta tarihi, ko gidan sarauta ne mai son ta 'yan bindigar hawan Salla, ko mai tara kayan da, wannan juyin ya rage masa ita, don ba yadda ta fito take ba. Wanda bai san wa zai sayar wa ba, gara ya bar ta yadda ya same ta.

Wannan ba halin mutanenmu kaɗai ba ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare a 1945, an sayar da tsofaffin bindigogin soja irin su Lee-Enfield da Mauser da araha a Amurka, mutane suka yi ta yanke musu katako, suna huda ƙarfen don ɗora madubin saiti. A lokacin gani ake an ƙara musu kyau. Yau wadda ba a taɓa ba ta fi su kuɗi nesa, masu saye har lambobin sassanta suke bi su ga ko sun yi daidai da juna.

Mu dawo gida. Gyaran da ba ya cutar da farashi kaɗan ne: a share ƙura, a shafa mai da tsumma don tsatsa ta tsaya, a ajiye ta inda gara ba za ta ci ƙota ba. Ƙotar da ta tsage tun zamanin mai ita, aka ɗaure da ɗanyar fata ko zoben tagulla, kada a kwance, wannan ɗaurin shi ma shaida ne na shekarunta. Haka layu da ƙusoshin ado da suka tsufa tare da ita. Amma sabon aikin baduku, jar fata mai ƙyalli da tuntaye, kuɗin da ka kashe ba ya dawowa, don masani zai ce me ake ɓoyewa a ƙarƙashi? Sabuwar ƙota ma haka, ko da ta fi tsohuwar kyau. In dole ta sa aka sake, a ajiye tsohuwar a haɗa wa mai saye.

Mafi muni shi ne taɓa bututu. Wanda aka yi wa walda, ko aka musanya da bututun famfo, wannan ba maganar faɗuwar kuɗi ba ce kawai, maganar yatsu da idanu ce, domin bututun ruwa ba don albarushi aka yi shi ba. Yanke tsawonsa kuwa shiga hannun hukuma ne. Dokar bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta hana a gajarta irin wannan bututu ya gaza inci 20, ta kuma hana ƙira da gyara ba tare da izini ba. A dokar, adaka da 'yan uwanta masu ɗuri ta baki sha'aninsu na hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, mai harsashi irin baki biyu kuwa lasisinta daga Sufeto Janar yake fitowa. Gajeriyar bindiga ba mai hankalin da zai taya, balle dillali ya ci la'ada.

Magada su lura kuma, lasisi na mutum ne, ba ya shiga cikin gado kamar gona. In mai ita ya rasu sai a sanar da ofishin 'yan sanda, a nemi yadda za a sake suna kafin a yi maganar sayarwa. Mutanen Maigatari musamman, in wani daga ƙetaren iyaka ya yi tayi mai tsoka a ce masa albarka, don fita da bindiga zuwa Nijar ko shigo da ita ba da izini ba laifi ne a ƙasashen biyu. Tsohuwar takardar lasisin marigayi kuma kada a yar, ko ta yage, don lamba da shekarar da ke jikinta suna taimaka wa mai kimantawa.