Jegon Jemage a Dajin Birnin Gwari

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa jego abu ne mai cin jiki. Shi ya sa ake tattalin mai jego da kunun kanwa da nama, sau da yawa ma a mai da ita gidan iyayenta. Irin wannan lalura ita ce ke tara matan jemagu wuri guda lokacin haihuwa.

Jemage dabba ne mai shayarwa, ko da yake yana tashi kamar tsuntsu. Yawanci ɗa guda macen ke haifa a shekara. Babban jemage mai cin 'ya'yan itace yakan haihu gab da damina, sa'an nan ya biyo ruwa zuwa arewa, inda dazuzzuka irin na Kamuku ke samar masa da abinci. Wannan daji na ƙasar Birnin Gwari an keɓe shi tun 1936, ya zama gandun ƙasa a 1999.

Shayarwa ta fi ɗaukar ciki cin ƙarfin uwa. An gano a Amurka cewa ƙaramar jemagiya mai shayarwa takan ci ƙwari kwatankwacin nauyin jikinta a dare ɗaya. Ga shi kuma jinjirin ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa. To, idan iyaye da 'ya'ya suka cunkushe wuri guda, sai ɗumin juna ya wadace su, nonon da zai ƙare wajen yaƙi da sanyi ya koma ga gina jiki. Wannan ne ya sa a jinsuna da dama maza kan ware, su bar mata da 'ya'ya.

Amma taron bai hana kowace sanin nata ba. Binciken da aka yi a kogunan dutse na Tekzas, aka wallafa a 1984, ya nuna cewa mafi yawan iyaye nasu 'ya'yan suke shayarwa. Da murya da ƙanshi uwa ke gane ɗanta cikin dubbai.

Saboda haka, sare itacen da jemagu ke jego a kai, don gawayi ko katako, asarar haihuwar shekara guda ce. Asarar kuwa takan dawo kan ɗan Adam, domin jemage ne ke ɗaukar ƙurar furen ɗorawa da na kuka daga wannan itace zuwa wancan. Watau daddawa da miyar kuka suna da alaƙa da lafiyar jegon jemage.