Idakho: Mutanen da Suka Zauna Ba Sarki

Ran nan ina fama da furojet ɗina, kaina ya ɗau zafi, sai na jawo waya. Na ci karo da bidiyon bijimai biyu suna gwabza karo a fili, jama'a ta kewaye su ana kiɗa da ihu. Ashe Kenya ce. Ranar dai furojet ya kwana inda yake.

Mutanen su ne Idakho, reshe ne na ƙabilar Luhya, suna zaune a Ikolomani cikin gundumar Kakamega, yammacin Kenya. Faɗan shanun bai ɗaure min kai ba kamar jin cewa asali ba su da sarki. Mu da muka tashi da sarki, hakimi, dagaci da mai unguwa, dole mu tambaya: to wa ke raba gardama?

Dattawan zuri'a ne. Kowace zuri'a da nata. Rikicin iyakar gona, gado, ko shanun aure, duk a gabansu ake kashe shi. Mutum yana samun ta cewa ne da shekaru, iya magana, yawan shanu da jarumta. Turawan Ingila kuwa mutum ɗaya suke so wanda za su riƙa ba umarni, shi ya sa suka ɗaukaka Nabongo Mumia, sarkin Wanga, a kan sauran Luhya, suka kuma naɗa shugabannin gwamnati. Ni a ganina nan aka fara rage wa dattawan ƙarfi. Amma har yau akwai dattijon ƙauye da ake kira liguru, kusan mai unguwarmu ke nan.

Faɗan shanun ma ba wasa ba ne kawai. Idan jarumi ya mutu, akan kawo bijimai kabarinsa don girmama shi, bikin da suke kira shilembe. Sanata Boni Khalwale, ɗan yankin, ya yi suna wajen wannan harka.

Kiɗan da na ji kuwa isukuti ne: ganguna uku, babba, matsakaiciya da ƙarama, da ƙaho. A 2014 UNESCO ta sa shi cikin al'adun da ke buƙatar ceto cikin gaggawa, don tsofaffin makaɗa na mutuwa ba magada, samari kuma sun koma waƙoƙin zamani. Na duba wayata a lokacin, ko kalangu ɗaya babu a ciki.