Asusun Naƙasassu: Daga Baitulmalin Yamai Zuwa Akwatin Filinge

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta gano naƙasassu 715,497 a Nijar, wato kashi 4.2 cikin ɗari na al'ummar ƙasa. Doka ba ta manta da su ba: an kafa dokar kare haƙƙinsu ran 2 ga Maris 1993, aka buɗe musu asusun tallafi na ƙasa a 1999, sabuwar doka ta biyo baya a Disamba 2019. Kowace 31 ga Yuli kuma ranarsu ce.

Sai dai tsakanin Yamai da Filinge, cibiyar ƙasar Kurfayawa, akwai tafiyar kilomita wajen 180. Gurgun da ke ɗinkin takalma a gindin rumfa ran kasuwa yana godiya idan an ba shi keke ko buhun gero, amma gero kan ƙare, tayar keke kan fashe. Abin da yake nema shi ne jari, da wurin ajiyar da jika ɗaya za ta kwana ba a taɓa ta ba.

A Amurka, dokar ABLE ta 2014 ta ba jihohi damar buɗe wa naƙasassu asusun ajiya, su tara kuɗi tallafinsu bai yanke ba. Mu ma muna da namu tsarin. A 1991 ƙungiyar CARE ta soma Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi: mata na haɗuwa duk mako su yi zubi a akwati mai kwaɗo uku, makullan a hannun mutum uku, su ranta wa juna, ƙarshen zagaye a raba uwa da riba. Daga nan tsarin ya bazu cikin Afirka.

Inda gizo ke saƙar shi ne zubi. Wadda ba ta gani, ko ba ta iya zuwa gona, da wuya ta samu na mako, su kuma mata na tsoron ba ta rance. Nan ya kamata kuɗin gwamnati su shigo: asusun ƙasa ya biya mata zubin watannin farko, ya tsaya mata a rancen fari, a kuma riƙa zaman kusa da gidanta. In ta sayi akuya ta haihu, zagaye na biyu da guminta za ta zuba.