Kalmar Fansa da Ibadar Jinin Almasihu a Ɗariƙar Katolika

Mabiya ɗariƙar Katolika suna da wata ibada ta girmama Jini Mai Daraja, watau jinin da suka gaskata Yesu Almasihu ya zubar a bisa gicciye domin ya fanshi 'yan Adam. Nufin wannan takarda shi ne a bayyana tushen ibadar da ma'anarta ga masu ita, sa'an nan a duba inda kalmarmu ta fansa ta ɗauki wannan ma'ana, da inda ta kasa. Sanannen abu ne cewa Musulunci bai yarda an gicciye Annabi Isa ba, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. Abin da ke biye bayanin aƙidar Katolika ne yadda su da kansu suke faɗinta.

1. Tushen ibadar

A Littafin Firistoci, sura ta 17, an nuna cewa ran kowace halitta cikin jininta yake, saboda haka aka hana Bani Isra'ila cin jini, aka keɓe shi domin kaffara a bisa bagade. A Littafin Fitowa kuwa jini ya yi aiki iri biyu. A sura ta 12 jinin ɗan rago da aka shafa a dogaran ƙofa ya tsare gidajensu daga annobar da ta auka wa Masar. A sura ta 24 Musa ya yayyafa wa jama'a jinin hadaya, aka ƙulla alkawari tsakaninsu da Allah. Ke nan jini yana tsaro, yana kaffara, yana ƙulla alkawari, kuma Sabon Alkawari ya tara ayyukan nan uku a kan mutuwar Almasihu. Idan ɗan Katolika ya ambaci jinin, abin da yake nufi rai ne da aka bayar da yardar mai shi.

Har wa yau, ga Katolika jinin yana nan a wurin babbar sujadarsu da ake kira Mas. Majalisar malamansu da ta zauna a Tirento ta tabbatar a shekara ta 1551 cewa gurasa da ruwan inabi da firist ya tsarkake sun zama jiki da jinin Almasihu a haƙiƙa, ko da yake launi da ɗanɗano ba su sake ba. Wannan shi ya bambanta su da yawancin Kiristan da ba Katolika ba.

2. Yadda ibadar ta yaɗu

Tun zamanin da akwai garuruwan Turai da ke adana abin da suke ɗauka ɗigon jinin ne, kamar Mantuwa a Italiya, da Buruj a Beljiyam, inda ake zagaya gari da shi kowace shekara ran Idin Hawan Almasihu Sama. Amma wanda ya mai da ibadar ta kowa da kowa shi ne Gaspar del Bufalo, wani firist da aka haifa a birnin Rum a 1786. Ya ƙi yin rantsuwar biyayya ga Napoliyon, aka kore shi daga garinsu, aka tsare shi har 1814. A ran 15 ga Agusta 1815 ya kafa ƙungiyar masu wa'azi da sunan Jini Mai Daraja, suka shiga ƙauyukan kudancin Rum inda 'yan fashi suka addabi jama'a, suna kiran mutane su ajiye makamai su bar ramuwar gayya. A 1834 Mariya De Mattias ta kafa ta mata, wadda ta dukufa kan karantar da 'yan mata.

Fafaroma Piyus na 9 ya wajabta idin Jinin ga dukan ikkilisiya a 1849, lokacin da juyin mulki ya fitar da shi daga Rum ya fake a Gayeta. Daga baya aka tsai da idin ran 1 ga Yuli. A 1960 Fafaroma Yohanna na 23 ya amince da jerin addu'o'in ibadar, ya kuma rubuta wasiƙa a kanta. Da aka gyara kalandar ikkilisiya a 1969 sai aka cire wannan idi, aka haɗa shi da idin Jikin Almasihu, ya zama idin Jiki da Jini. Duk da haka masu ibadar suna keɓe mata watan Yuli.

3. Kalmar fansa

Kalmar Latin da ake fassarawa da fansa ita ce redemptio, ma'anarta sayen abu a komo da shi. A nan Hausa ta dace ƙwarai, gama a zamanin bauta bawa yakan yi fansar kai, ko danginsa su fanshe shi. Wasiƙar Bitrus ta fari, sura ta 1, da wannan kamanci ta yi magana, ta sa jinin a matsayin kuɗin da ya fi azurfa da zinariya. Musulmi ma ya san kalmar daga labarin ragon da aka fanshi ɗan Annabi Ibrahim da shi.

Amma akwai wurare biyu da kalmar take iya ɓad da mai sauraro. Na fari, Bahaushe in ya ji kuɗin fansa a yau, masu garkuwa da mutane yake tunawa, sai ya tambaya wa aka biya. Tambayar tsohuwa ce. Orijen, malamin Iskandariya na ƙarni na 3, ya ce Shaiɗan aka biya. Giregori na Naziyanzus ya ƙi wannan a ƙarni na 4. Anselm, babban bishop na Kantabari, ya rushe shi wajen 1098, ya ce Shaiɗan ba shi da wani haƙƙi a kan mutum, ga Allah ne laifi ya jawo bashin, Almasihu kuwa ya biya shi da biyayyarsa. Saboda haka abin da kamancin yake koyarwa shi ne tsadar 'yancin da darajar wanda aka 'yanta.

Na biyu ya fi hatsari. A Hausa ɗaukar fansa ramuwa ce, wanda kuwa ya ji an gama jini da fansa a magana ɗaya yana iya zaton jini ne mai neman jini. Ma'anar ibadar kishiyar wannan ce. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura ta 12, ta gwada jinin Almasihu da na Habila, masu tafsirinsu kuwa suka ce na Habila ya nemi sakayya, na Almasihu gafara ya nema. Abin da del Bufalo ya kai wa 'yan fashi ke nan.

Saboda haka ya kamata malamin da ke koyar da fassara ya raba wa almajiransa fansar 'yantarwa da fansar ramuwa, ya kuma nuna musu cewa inda ake nufin shafe laifi kaffara ta fi dacewa, inda ake nufin sulhu da Allah kuwa sai a kawo alkawari. Ba kalma guda da za ta ɗauki ma'anonin nan uku gaba ɗaya, ko a Latin ko a Hausa.