Horon Sabuwar Bindiga: Asarar Albarushi Ce Ko Dabara?

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin mafarauta da 'yan bindigar hawan Sallah a nan yankinmu na Dambatta, Makoɗa da Bichi. Gardamar ita ce, wai sabuwar bindiga sai an hore ta kamar sabon babur, a harba sau ɗaya a wanke bututu, a sake harbawa a sake wankewa, har sau goma ko ashirin, kafin ta riƙa sai daidai.

Jama'a, wannan al'ada ba tamu ba ce. Daga Amurka ta fito, wajen masu gasar harbi daga nesa, kuma a kan irin bindigarsu aka yi ta. Bututun tasu yana da zare a ciki wanda ke murza harsashi ya tafi yana juyawa, shi kuma harsashin an yi masa riga ta jan ƙarfe. Masu horon suna cewa sabon bututu yana da kaushin da inji ya bari, jan ƙarfen yakan maƙale a wurin, to in ana harbawa ana gogewa sai wurin ya yi santsi. Amma ko a can ɗin kan maƙera bai haɗu ba. Wasu sun ce kowane harbi yana cin bututu, don haka horo rage wa bindiga kwana ne kawai, riba ta mai sayar da harsashi ce.

To mu ina ruwanmu? Bindigar toka da ake ɗurawa ta baki ba ta da zare, cikinta sumul yake, kuma dalma ake zuba mata. Babu jan ƙarfen da zai maƙale balle a goge shi. Wanda ya ƙona albarushin ɗuri ashirin da sunan horo, ga tsadar da ake ciki, ya yi wa kansa asarar kuɗin taki ne, ya kuma firgita awakin maƙwabta. Mu da gona ke manne da gona, gida na kallon gida, ina ma filin wannan ɓarin wuta?

Abin da ya kamata a yi gardama a kansa shi ne ko bututun zai iya ɗaukar ɗurin. A Ingila tun 1813 aka kafa gidan gwajin bindigogi a birnin Bamingam. Kowane bututu sai an yi masa ɗurin da ya fi na kullum ƙarfi a ɗaki rufaffe, in ya tsira a buga masa hatimi, kuma laifi ne a sayar da bindigar da ba ta da shi. Mai tsohuwar bindiga mai baki biyu ƙirar Ingila ya cire bututun ya duba ƙasansa, zai ga tambarin. Mu nan wani da bututun famfo ake yi masa, alhali bututun famfo yana da ɗinki a tsawonsa, don ruwa aka yi shi ba don wuta ba. Ranar da ya gaji ta ɗinkin zai buɗe, daidai inda hannun hagu yake riƙe. Daga nan sai Asibitin Ƙashi na Dala, in an yi sa'a ido ya tsira. Manomin da ya rasa yatsu uku, wa zai riƙe masa fartanya da damina?

Saboda haka kada kowa ya yarda kafaɗarsa ta zama wurin gwajin farko. Gwaji aikin maƙeri ne, kuma maƙerin da hukuma ta sani, domin dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko gyara ta ba da izini ba. Mai saye ma ya je wurin 'yan sanda ya ji matsayin lasin tukuna.

Wanki kuwa dole ne, amma ba na rana ɗaya ba. Tokar albarushi tana jan laima, in ta kwana a bututu sai tsatsa ta fara ci ta ciki, waje kuwa yana ƙyalli. Nawa ne ke harbawa ranar hawa su jingine bindiga bayan rumbu har wata Sallar? Ruwan zafi, tsumma, a bar ta ta bushe sarai, a shafa mai, duk ranar da aka harba. Kafin ɗuri a zura sanda a tabbata babu tsohon ɗuri a ciki, zanzaro kuma bai yi gini a bakin ba. Sannan ina jan kunnen samari masu farke harsashin kanti su juye garinsa cikin bindigar toka don ta yi ƙara. Wannan garin ƙarfinsa ya wuce na albarushi nesa, bututun maƙera ba ya ɗaukarsa.

Ina kira ga sarakunan maƙera da sarakunan baka na gundumominmu su zauna da masu gari kan wannan batu kafin hawan Sallah mai zuwa.

Naku,
Manomi kuma ɗan tireda,
Ƙaramar Hukumar Dambatta, Jihar Kano.