Jan ɗakin tafi-da-gidanka da dabbobi a lokacin zafi: gaskiya da jita-jita

A Amurka, da zarar makarantu sun yi hutun bazara a watan Yuni, iyalai da yawa sukan ɗaura ɗakin tafi-da-gidanka a bayan motarsu su kama hanya. Ɗaki ne mai tayoyi, da gado da murhu da bayan gida a ciki, kuma sau da yawa karen gida ko kyanwa na cikin tafiyar. Watannin bazarar kuwa su ne mafi zafi. A shekarar 2023 birnin Phoenix na jihar Arizona ya yi kwana 31 a jere zafi na kaiwa digiri 43 ko fiye. A irin wannan rana direba na fama da abu biyu lokaci guda, inji mai jan kaya da dabbar da ba ta iya faɗin abin da ke damunta. Shawarwari na yawo a bakin matafiya, wasu na ceton rai, wasu na kashewa. Ga yadda suke idan an tace su.

"Idan an sauke gilashi kaɗan, ana iya barin dabba a mota"

Ƙarya ce, kuma an gwada. A 2005 mujallar likitocin yara ta Pediatrics ta buga binciken da Catherine McLaren da Jan Null da James Quinn suka yi a California. Sun ajiye mota a rana suna auna cikinta, suka tarar cikin awa ɗaya zafin na ƙaruwa da kimanin digiri 22, kuma kashi 80 cikin ɗari na ƙarin yana faruwa ne a rabin awar farko. Sauke gilashi kaɗan bai canza komai na a-zo-a-gani ba. Ko a ranar da zafin waje bai wuce digiri 22 ba, cikin motar ya kai 47. Saboda haka wanda ya ce bari ya shiga kanti ya fito yanzun nan, ya sani mintunan farkon nan su ne mafi haɗari.

"Dabba ta fi sakewa a cikin ɗakin da ake ja"

Wannan ma ƙarya ce. Na'urar sanyaya ɗakin tana buƙatar wutar sansani ko janareto, don haka galibi a kashe take yayin tafiya. Ɗakin yana girgiza fiye da mota, kaya na faɗowa, kuma babu mai ganin dabbar idan ta fara galabaita. Wurin zamanta shi ne cikin mota tare da mutane, a keji ko a ɗaure, inda sanyi ke isa gare ta. Ko bayan an yada zango an jona wuta, ba a barinta ita kaɗai a tafi yawo na tsawon lokaci, domin wuta na ɗaukewa, ɗakin kuma ba ya riƙe sanyi.

"Cikin mota kaɗai ne haɗarin yake"

Da sauran magana. Masu bincike a Birtaniya, ciki har da na kwalejin likitocin dabbobi ta Royal Veterinary College, sun duba bayanan asibitocin dabbobi a 2020, suka ga kusan kashi 74 cikin ɗari na karnukan da zafi ya kayar, motsa jiki ne sanadi. Na cikin mota kusan kashi 5 ne. Dalili shi ne kare ba ya zufa kamar mutum, da haki yake fitar da zafin jikinsa. Jikinsa na zama tsakanin digiri 38 da 39, kuma idan ya haura 41 kayan ciki na fara lalacewa. Direban da ya tsaya da tsakar rana ya saki karensa ya yi ta gudu don ya miƙe ƙafa, yana iya jawo abin da yake gudu. Karnuka masu gajeren hanci, da tsofaffi, da masu ƙiba sun fi saurin faɗuwa. Kyanwa kuwa ba ta saba haki ba, in ka ga ta buɗe baki tana yi, a ɗauki abin da gaggawa.

"Kada a zuba wa dabbar da zafi ya kayar ruwan sanyi"

An daɗe ana faɗin haka, amma shawarar ta canza. Kwalejin nan ta Royal Veterinary College tana koyar da cewa a fara sanyaya dabba kafin a ɗauke ta zuwa asibiti. Matashin kare mai lafiya ana iya tsoma jikinsa cikin ruwan sanyi, a bar kai a waje. Tsoho ko maras lafiya ko wanda ya suma, a riƙa kwara masa ruwa ana yi masa fifita. Abin da bai kamata ba shi ne a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul a bar shi, domin tawul ɗin na tare zafin. Ko ya farfaɗo, sai likita ya duba shi.

"A rage iskar taya idan rana ta take"

Ƙarya ce mai tsada. Gaskiya ne iska na ƙaruwa idan taya ta yi zafi, amma masu ƙera ta sun yi lissafi da hakan. Tayar da iskarta ta gaza ita ce ke lanƙwashewa tana tara zafi har ta fashe. Ana auna iska ne da safe kafin a tashi. Haka kuma tayoyin tirela da yawa an yi su ne don gudun da bai wuce kilomita 105 a awa ba, sai a duba abin da aka rubuta a jikinsu.

"Kunna hita na taimaka wa injin da ya yi zafi"

Wannan gaskiya ne. Hita na jan zafi daga ruwan inji, don haka kashe na'urar sanyi da kunna hitar na iya sauke allurar zafin inji kaɗan. Sai dai da dabba a mota dabarar ta mintuna ce kawai, har a samu wurin tsayawa, a fito da ita inuwa. Kada kuma a buɗe marfin lagireto da zafinsa, tafasasshen ruwa ne zai yi tsalle.

"Tunda kamfani ya ce motar na jan nauyi kaza, an gama magana"

Rabin gaskiya ne. Ƙa'idar SAE J2807 da manyan kamfanonin motoci ke bi ta haɗa da hawan tudun Davis Dam a Arizona, kusan kilomita 18, cikin zafin aƙalla digiri 38, da na'urar sanyi a ƙure. Gwaji ne mai tsanani, amma an yi shi da lafiyayyar mota da kaya daidai awo. Mutane da ruwa da abinci da keji duk suna cin nasu kason. Ana kuma so kashi 10 zuwa 15 na nauyin ɗakin ya sauka a kan mahaɗarsa da mota, in ya gaza haka sai ya fara lilo a hanya.

Mu ba mu saba jan ɗaki zuwa shaƙatawa ba, amma mun san raguna da kaji da ake cunkusawa a mota daga kasuwannin ƙauye zuwa birni cikin zafin Afrilu da Mayu. Jikinsu ma yana da iyaka. A hadisan da Bukhari da Muslim suka rawaito, an gafarta wa mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, an kuma azabtar da mace saboda ta tsare kyanwa ba ci ba sha har ta mutu. Duk wanda ya ɗauki dabba a mota ya ɗauki amana. A yi sammako, a ɗebi ruwa fiye da yadda ake tsammanin za a buƙata, a huta a inuwa da tsakar rana, kuma kada a bar mai rai a rufaffiyar mota ko da na minti biyar ne.