Hawan Dutse da Darajar Jagora: Daga Matterhorn Zuwa Kwatarkwashi

Idan aka ce wa mutumin Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum akwai waɗanda ke biyan kuɗi masu yawa domin a kai su kan dutsen da babu zinariya a cikinsa, babu gona a kansa, su tsaya 'yan mintoci su sauko, ba mamaki ya yi dariya ya ce abin na masu ƙoshi ne. A wannan yanki namu na Anka da Gummi da Bukkuyum, dutse abin fasawa ne a nemi abinci. Amma a cikin wannan al'ada ta Turawa akwai wata sana'a da ya kamata mu tsaya mu duba, wato jagorancin hawan dutse, domin mu ma mun taɓa mallakar irin iliminta, muna kuma gab da rasa shi.

Dutsen Matterhorn yana kan iyakar Suwizalan da Italiya a jerin tsaunukan Alps, tsawonsa mita 4,478. Ranar 14 ga Yulin 1865 wani Baturen Ingila, Edward Whymper, da mutum shida suka zama na farko da suka taka ƙololuwarsa. Uku daga cikinsu jagorori ne: Michel Croz daga Faransa, da Peter Taugwalder da ɗansa, mutanen Zermatt, garin da ke gindin dutsen. A wajen saukowa ƙafar wani saurayi ɗan shekara 19 mai suna Douglas Hadow, wanda bai goge da hawa ba, ta zame, ya buge Croz, suka janyo wasu biyu, igiyar da ta haɗa su da sauran ta tsinke. Mutum huɗu suka faɗa ƙasa suka halaka, uku suka koma gida. Daga wannan rana zuwa yau dutsen ya ci rayuka fiye da 500.

Darasin wannan rana shi ne ginshiƙin ƙa'idojin da jagororin Zermatt ke bi a yau. A hanyar Hörnli, wadda mafi yawan mahaya ke bi, jagora ɗaya mutum ɗaya yake ɗauka, domin igiya guda ce ta ɗaure su, kuskuren ɗaya ajalin biyu ne. Ba a karɓar sabon shiga. Kafin a yarda da mutum sai an gwada shi a kan duwatsun da ba su kai wannan wuya ba, a ga saurinsa da natsuwarsa, jikinsa kuma ya saba da ƙarancin iska. Ana kwana a masaukin da ke mita 3,260, a tashi tun kafin asuba da fitila a goshi, a hau kimanin mita 1,200 na dutse da ƙanƙara. A mita 4,003 akwai wata 'yar bukka ta gaggawa mai suna Solvay. Wanda bai iso ta cikin lokacin da aka ƙayyade ba, jagora zai ce masa a juya, ko da yana hangen ƙololuwa, domin idan rana ta take ƙanƙara na yin laushi, duwatsu na gangarowa, gajiya kuma ta riga ta ci ƙafa.

Mai karatu ya lura da wannan: baƙo shi ya biya kuɗi, amma a kan dutse maganar jagora ce ƙarshe. Abin da ake saye a wurinsa shi ne sanin lokacin da ya dace a haƙura. Shi ya sa aikin ya zama sana'a mai lasisi. Tun 1821 jagororin Chamonix a Faransa suka kafa ƙungiyarsu, a 1965 kuma aka kafa ta duniya, wadda sai mutum ya yi shekaru yana horo da jarrabawa kafin ya sami shaidarta. Sana'ar tana da nata baƙin cikin. Tenzing Norgay ya yi suna da ya hau Everest tare da Edmund Hillary a 1953, amma ranar 18 ga Afrilun 2014 ƙanƙara ta rufto wa ma'aikatan hawa 'yan ƙasar Nefal 16 suna share wa baƙi hanya, kuma kaɗan ne a duniya suka riƙe sunayensu.

To, mu ina namu? Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Tsafe ya ga dutsen Kwatarkwashi a ƙaramar hukumar Bunguɗu, tsaye kamar bango. Garin ya shahara a da da bikin kamun maiki na zamanin Maguzanci, inda gwanaye ke hawa su kamo wannan babban tsuntsu. Maiki ba ya sheƙa a inda ƙafa ke isa cikin sauƙi. A jikin gangaren dutse yake yi. Tsuntsu ne da a 1973 wani irinsa ya yi karo da jirgin sama a sararin Abidjan a tsawon mita 11,300, sama da Everest mai mita 8,849. Wanda ya isa gidan irin wannan tsuntsu ya dawo da ransa, lalle ya san inda ake taka ƙafa da inda dutse ke santsi, kuma wani ne ya koya masa. Ba ana kiran a dawo da tsafin da aka bari ba ne. Sanin hanyar dutse ilimi ne mai zaman kansa, kuma dattawan da suka gaje shi suna ƙarewa, kamar yadda shi kansa maikin ya shiga jerin tsuntsayen da ke gab da ɓacewa tun 2015.

Mu mutanen yammacin Zamfara mun san farashin tunkarar dutse ba tare da masani ba. A 2010 dutsen zinariya mai gubar dalma da aka riƙa niƙawa a cikin gidaje ya kashe yara fiye da 400 a Anka da Bukkuyum, Tungar Guru na cikin ƙauyukan da sai da aka kankare ƙasarsu. Iyayen yaran ba mugunta suka yi ba. Babu wanda ya san dutsen kuma yake da ikon cewa a dakata. Hausawa na cewa da ɗan gari akan ci gari, matambayi kuma ba ya ɓata.

Gaskiya ne cewa a halin rashin tsaron da 'yan bindiga suka jefa jihar, babu mai hankalin da zai gayyato baƙi hawan dutse. Amma akwai aikin da ba ya jiran baƙi. Masarautar Kwatarkwashi da Jami'ar Tarayya ta Gusau za su iya zama da dattawa a rubuta sunayen hanyoyin dutsen da maɓuɓɓugansa da wuraren haɗarinsa. Gwamnatin jiha za ta iya tura matasan garin gandun Gashaka Gumti a Taraba, inda ma'aikata ke raka masu hawan Chappal Waddi, dutse mafi tsawo a Nijeriya mai mita 2,419, su koyi tafiya da baƙo da taimakon gaggawa. Sannan a kafa doka tun yanzu cewa ba a hawa sai da jagora mai rajista, kuma idan ya ce a juya, an juya.

Zaman lafiya zai dawo da yardar Allah, dutsen kuma yana nan inda yake. Dattijon da ya san hanyarsa ne ba mu da tabbacin zai kai baɗi. Allah Ya ba mu ikon zuwa wurinsa da alƙalami da takarda kafin lokaci ya ƙure.